Rubuta Kafin Ka Zuba

Litinin, 6 ga Mayu, ƙarfe 7:10 na safe

Wannan littafin gwaji ne, irin mai baƙin bangon nan da muke raba wa ɗalibai. Ya rage a ƙasan durowata, na ce bari in more shi kafin gara ta riga ni. Shekara talatin da huɗu ina tilasta wa 'ya'yan mutane su rubuta rana da lokaci a saman kowane shafi, sannan su rubuta abin da idonsu ya gani, ba abin da ransu yake so ba. To, ga rana, ga lokaci. Sauran kuma sai a hankali.

Abin da kowa ya sani a kwalejinmu shi ne: ranar Talatar da ta wuce, a ɗakin gwajin kemistiri, wata ɗalibar aji ɗaya, Abigail Ayuba, ta ɗauki kwalbar da aka rubuta wa "sirkakken asid", ashe tsantsarsa ce a ciki. Ta ƙara masa ruwa kamar yadda takardar aiki ta ce, ya tafasa ya fantsamo mata. Ya ci hannunta na dama da gefen wuya. Ido ya tsira, alhamdu lillahi.

An dakatar da Ezekiel, mai kula da ɗakin gwajin, tunda shirya kwalabe aikinsa ne. Kwamiti zai yanke hukunci ranar ashirin da huɗu ga wata. In suka kama shi da sakaci kora ce, kuma shekara biyu kacal suka rage masa ya yi ritaya da mutuncinsa.

Shekara ashirin da takwas muna aiki tare.

Matata Hajiya Rukayya ta ajiye mini koko da ƙosai. Sun huce ban taɓa ba.

Talata, 7 ga Mayu, bayan La'asar

Dakta Anas ya shigo ofishina yana washe baki. Shi ne shugaban sashenmu yanzu, amma na san shi tun yana yaro mai fasa mini kwalabe, wanda sai da ya maimaita jarrabawata sau biyu. Har yau in ya shigo sai ya russuna.

"Baba, maganar walimar ritayarka tana nan daram, ɗaya ga watan gobe. Kada abin nan ya dame ka. Tsofaffin ɗalibanka har daga Fatakwal za su zo."

Ya zaro wata farar riga daga leda. Sun buga ɗari uku. A ƙirjinta an rubuta da koren fenti: RUBUTA KAFIN KA ZUBA.

Dokata ce. Duk wanda ya ratsa ajina ya haddace ta kafin ya haddace sunana, har suka laƙaba mini Baba Kwalba. Kwalejinmu ba ta da halin sayen sababbin kwalabe, tsofaffin muke wankewa mu sake cikawa, shi ya sa na kafa doka: kada ɗigo ɗaya ya shiga kwalba sai an ɓare tsohuwar takardar jikinta an liƙa sabuwa. Kuma ni nake rubutawa da hannuna, da koren biro, wanda ba mai amfani da irinsa a sashen sai ni. Na taɓa korar ɗan wani babban mutum daga aji na zango guda a kan wannan dokar, uban ya zo da kansa, na ce ko sama da ƙasa za su haɗe. A lokacin na ji daɗin kaina ƙwarai.

Na ce wa Anas rigar ta yi kyau. Na cusa ta can ƙarƙashin tebur.

Laraba, 8 ga Mayu, ƙarfe 2:30 na rana

Na wuce ta ƙofar ɗakin gwaji. Sabon allon sunan ɗakin yana sama, an lulluɓe shi da farin yadi sai ranar walima a buɗe. Na san abin da ke rubuce a ƙarƙashi: ƊAKIN GWAJI NA FARFESA ZAKARIYYA'U ISIYAKU. Na riga na gan shi. Ranar Talatar nan na gan shi.

Na canza hanya, na bi ta bayan sashen lissafi.

Alhamis, 9 ga Mayu, ƙarfe 6:40 na safe

Hajiya ta tsinci makullin motata a cikin firji, kusa da robar zoɓo. Ta miƙo mini, sanyi ƙalau, ta ce, "Malam, motar ma zafin gari ya dame ta ne?" Na yi dariya don ta yi. Wannan ne karo na uku a bana.

Juma'a, 10 ga Mayu, bayan an sauko daga masallaci

Na je asibiti duba yarinyar. Da ban je ba.

Mahaifinta, Mista Ayuba, tsohon ma'aikacin masaƙar Kakuri ne, yanzu yana gyaran janareto a unguwar Television. Yana ganina ya miƙe ya ba ni kujerarsa, ya riƙe hannuna da hannu biyu.

"Farfesa da kansa! Kai, mun gode, mun gode. Abigail, ga Babanku ya zo."

An naɗe hannun har gwiwa. Likita ya ce sai an yanko fata daga cinya an dasa, kuma yatsu biyu ba lalle su riƙa lanƙwashewa kamar da ba. Da wannan hannun take rubutu.

Ta ce, "Baba, wallahi na karanta takardar kwalbar sau biyu, yadda ka koya mana. Rubutunka ne ma, shi ya sa ban ji tsoro ba."

Na ce na sani, 'yata, ba laifinki ba ne. Wannan kaɗai ce gaskiyar da na faɗa a ɗakin.

Uban ya rako ni har bakin mota yana huci. "Wannan Ezekiel ɗin, ko cocinmu ɗaya da shi ba zan yafe ba. Mutum kamarka ya yi shekara talatin ba a taɓa ƙona ko farce ba, wani sakarai ya zo ya ɓata maka suna a ƙarshe! Na ɗauki lauya."

Na ce a dai bi a hankali. Na shiga mota na zauna, na daɗe ban tuna ina ake sa makulli ba. A'a, wannan ƙarya ce, na tuna. Hannun ne ya ƙi.

Lahadi, 12 ga Mayu, ƙarfe 11:00 na safe

Ruwan sama tun asuba. Ban fita ba.

Litinin, 13 ga Mayu, ƙarfe 4:15 na yamma

A aji wani yaro ya yi tari a baya, na ɗaga kai a firgice na ce me ka ce. Ashe tari ne kawai. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as.

Na kuma kira wata ɗaliba da sunan mahaifiyarta, wadda na koyar shekara ashirin da suka wuce. Aji ya yi dariya, na mayar da abin wasa, na ce laifinta ne da ta ɗauko hancin uwarta.

Laraba, 15 ga Mayu, bayan La'asar

Yau kwamiti ya saurari shaidu. Mutum biyar a dogon tebur, uku a cikinsu ni na koyar da su. Da na shiga duk suka miƙe.

Ezekiel yana zaune shi kaɗai a gefe, cikin kwat ɗinsa ta zuwa coci. Ya rame. Ya ce, "Sannu da zuwa, Oga," kamar kowace safiya.

Suka tambaye shi wa ya cika kwalbar. Ya ce, "Kwalabe a hannuna suke." Suka sake tambaya, ya sake faɗin haka. Suka nuna masa rajista, ga sa hannunsa ya shigo bakwai da rabi, ya tashi huɗu. Ya ce haka ne.

Sannan shugabar kwamitin ta juyo gare ni da ladabi. "Baba, ko akwai abin da za ka ƙara?"

Na ce Ezekiel ma'aikaci ne mai ƙwazo, ban taɓa samunsa da sakaci ba. Na ce a duba shekarunsa. Na yi magana ta kusan minti goma, da Turanci mai kyau, har ɗaya daga cikinsu yana gyaɗa kai. Ezekiel bai kalle ni ba ko sau ɗaya, yana ta kallon takalminsa. Da ya kalle ni da ya fi mini sauƙi.

A waje Anas ya ce, "Baba, ka yi masa halacci."

Kunya ta hana ni tsayawa masallacin kwaleji. A gida na yi La'asar.

Alhamis, 16 ga Mayu, ƙarfe 7:00 na safe

Ban karya kumallo ba.

Juma'a, 17 ga Mayu, ƙarfe 5:20 na yamma

Hajiya ta same ni a zaure ta zauna a bakin tabarma, abin da ba ta saba ba.

"Malam, shekara arba'in ina dafa maka abinci. In ciwo ne na san yadda kake barin kwano, in fushi ne na sani. Wannan barin kwanon ban san shi ba."

Na ce aiki ne ya yi yawa.

"Lizzy ta kira ni jiya." Matar Ezekiel ke nan. Sun yi maƙwabtaka da mu nan Makera, katanga ɗaya, kafin rikicin addini na shekarar dubu biyu ya sa su koma unguwar Romi. "Ba ta roƙi komai ba. Godiya ta yi, wai ranar Talatar nan kai ka ba mijinta izini ya kai ta asibiti da jininta ya hau. Ta ce ya hana ta faɗa wa kowa, amma ni ai ba kowa ba ce."

Na kau da kai.

"To in yana asibiti da matarsa, wa ya cika kwalbar?"

Na daka mata tsawa. Na ce me ta sani game da ɗakin gwaji, ta tsaya a kan tukwanenta. Ni, da furfurata. Tabarmar kunya da hauka ake naɗe ta, yau na gani a kaina.

Ta miƙe ta kakkaɓe zaninta. "Ban san kemistiri ba, Malam. Amma ko a kicin ɗina ba na zuba gishiri a gwangwanin sukari in bar wa 'yar aiki ta sha duka."

Asabar, 18 ga Mayu, ƙarfe 9:30 na safe

Abin da ido ya gani.

Ranar Talata, talatin ga Afrilu, ƙarfe goma sha ɗaya, Ezekiel ya ce Lizzy ba lafiya. Na ce tafi, ba sai ka cike takarda ba, zan shirya kayan aikin ƙarfe biyu da kaina. Ya tsaya yana jan ƙafa a bakin ƙofa, ya ce ko a ɗage aikin zuwa gobe. Na ce kafin a ɗauke ka aiki nake haɗa asid, tafi abinka.

Babbar kwalbar asid tana da nauyi, hannuna kuma ya fara rawa. Na ɗauki wata ƙarama da ba komai a ciki, da tsohuwar takardarta a jiki, na tsiyaya tsantsar a ciki don in kai tebur in sirka. Ban ɓare takardar ba. Ban rubuta ba. Na ce minti biyu ne.

Sai Anas ya leƙo ya ce, Baba fito ka ga allonka kafin a rufe shi. Na toshe kwalbar na ajiye ta a kan kanta, cikin 'yan uwanta. Na fita na tsaya ina kallon sunana, har ina gyara wa mai fenti wasali. Aka kira Azahar. Daga nan kwalbar ta fita daga kaina fit, kamar ban taɓa ganinta ba, sai da na ji ihun yarinyar.

Ezekiel ya dawo ƙarfe uku, ya tarar da komai, ya sa hannu a rajista kamar bai je ko'ina ba.

Shi ke nan. Shafi ɗaya ma bai cika ba, amma kwana goma sha takwas na kasa faɗa.

Lahadi, 19 ga Mayu, bayan Magariba

Na je Romi. Shekara ashirin da huɗu da komawarsu, ban taɓa taka gidan ba, shi kuwa duk Sallah sai ya zo mana da Lizzy. Sai da na yi tambaya sau uku. Wata mai gasa masara ta nuna mini koren ƙyaure.

Sun dawo daga coci ke nan. Lizzy ta rasa inda za ta sa ni, ta kawo ruwa da gyaɗa ta shige ciki. Muka zauna ƙarƙashin mangwaro.

Na ce, "Ezekiel, ni na cika kwalbar."

Ya ce, "Na sani, Oga."

"To me ya sa ba ka faɗa ba?"

"Ai laifina ne."

Raina ya ɓaci. Na ce kada ya yi mini kara irin ta yara, na zo da maganar gaskiya. Ya tashi ya shiga ɗaki ya fito da wani tsohon gwangwanin madara ya ajiye a gabana. Cike yake da takardun kwalba da aka ɓare, duk da koren biro, duk rubutuna. Na ɗauki ɗaya, na ɗauki wata. A bayan kowace ya rubuta rana da abin da ya samu a cikin kwalbar a zahiri. Ba su dace da abin da na rubuta ba.

"Tun bara waccan ya fara, Oga. Wani lokaci sau ɗaya a wata, wani lokaci sau biyu a sati. In ka tafi salla sai in bi kwalaben ɗaya bayan ɗaya in gwada. Wanda ba daidai ba in canza."

Na ce da wane rubutun, ai ɗalibai sun san hannuna.

Ya sa hannu a aljihun kwat ya zaro koren biro. Ya yi 'yar dariya, irin ta wanda aka kama. "Shekara ashirin da takwas ina kallon hannunka. Ko Dakta Anas ba ya ganewa."

Na ƙirga takardun. Talatin da ɗaya.

"Ran nan na san bai kamata in bar ka kai kaɗai ba. Na tsaya a ƙofa, ka kore ni, na tafi. Kuma da na faɗa maka tun farko, da yarinyar nan tana da hannunta. Na kasa ne. Yaya zan kalli Baba Kwalba in ce masa ya fara mantuwa? Saura wata ɗaya ka gama lafiya, Oga. Ni wa ya san ni? Ka bari kawai."

Shekara biyu ina yawo a kwaleji ina bugun ƙirji, ɗakina ba a taɓa haɗari ba, ashe wani ke bina a baya yana share inda na ɓata. Gwano ba ya jin warin jikinsa. Na yi kuka a gidan mutane, a gaban kajinsu. Ban taɓa jin kunya irin ta yau ba, kuma ban taɓa sanin an ƙaunace ni haka ba. Na rasa wanne ya fi ciwo.

Na ce ya ba ni gwangwanin. Ya ƙi. Na ce ni ne dai ogansa har ƙarshen wata. Ya ba ni.

Litinin, 20 ga Mayu, ƙarfe 1:00 na rana

Na kai wa Anas wasiƙar amsa laifina, shafi biyu. Ya karanta a tsaye, ya rufe ƙofa.

"Baba, don girman Allah ka mayar da wannan aljihu. A gama walima tukuna. Ezekiel za mu san dabarar da za mu yi masa daga baya."

Na ce hukunci ranar Juma'a ne, walima bayan kwana takwas. Wace dabara ake yi wa wanda aka riga aka kora?

"Za su cire allon, Baba. Lauyan nan kanka zai dawo."

Na ce, Anas, sau nawa ka faɗi jarrabawata? Ya ce sau biyu. Na ce a kan me? Ya sunkuyar da kai ya ce ya gyara sakamakon gwaji don ya yi daidai da na littafi. Na ce to buga mata hatimi ka ba ni kwafi.

Na roƙi abu ɗaya a wasiƙar: kada a hukunta Ezekiel a kan rufa mini asiri, don tsorona da na dasa a sashen ne ya rufe masa baki.

Laraba, 22 ga Mayu, ƙarfe 5:45 na yamma

Na faɗa wa Mista Ayuba gaskiya a shagonsa na Television. Ya ajiye sifana ya daɗe yana kallona.

"Ka zauna a kujerata a asibiti. Ka bar ni ina zagin bawan Allah."

Na ce haka ne.

"Tashi ka tafi, Farfesa, kafin in faɗi abin da zan yi da-na-sani."

Na tafi. Bai rako ni ba.

Juma'a, 24 ga Mayu, bayan La'asar

An mayar da Ezekiel bakin aiki da takardar gargaɗi. Ni an ce in miƙa makullai, maganata ta wuce gaba. An ɗage walima, ba a sa rana ba. Hajiya ta ce ranar Litinin za ta raka ni ganin likitan ƙwaƙwalwa, kuma ita za ta riƙe makullin mota. Na ba ta haƙuri a kan maganar tukwane. Ta ce sai ta yi shawara da tukwanen.

Asabar, 1 ga Yuni, ƙarfe 12:30 na rana

Da yau ne walimar. Jiya aka yi wa Abigail dashen fata. Hajiya ce ta je, ni ba a ce in zo ba tukuna. Ta ce yarinyar ta fara koyon rubutu da hagu.

Na hau Keke Napep na tafi kwaleji da sukudireba a aljihu. Ba kowa sai Ezekiel yana wanke kwalabe. Allon yana nan da yadinsa, ba wanda ya iya taɓa shi. Na jawo tsani.

"Haba Oga, ka bar shi mana. Ba wanda ya ce a cire."

Na ce, "Ezekiel, in takarda ba ta dace da abin da ke cikin kwalba ba, me muke yi?"

Ya goge hannunsa ya zo ya riƙe mini tsanin. Ƙusa biyu suka kuɓuce mini suka faɗi, ya tsince su. Muka jingine allon a bayan sito, fuskarsa na kallon bango.

Na ba shi makullan ɗakin. Sannan na zaro koren birona, wanda na yi niyyar miƙa masa a gaban mutum ɗari uku da dogon jawabi, na ce ga shi, kai ne mai shi.

Ya kalli biron, ya dafa aljihun rigarsa.

"Riƙe naka, Oga, ka riƙa rubuta abubuwa don kada su ɓace maka. Ina da nawa."

Da shi nake rubuta wannan.